A duba tsohon jirgi kafin a biya kuɗi

A watan Yuli na 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, sai kwale-kwale ya zama hanyar ƙetare kogin Isa. Mutane da kaya suka koma ruwa, mai jirgi ya samu kasuwa. Shi ya sa muke jan hankalin duk ɗan Tibiri ko Dogon Dutsi da ke niyyar zuba kuɗin wakensa ko na bisashensa ga sayen tsohon jirgi.

Ba'are ya san sa. In ya shiga kasuwa sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Amma Dallol Mawri kwari ne busasshe, ruwansa na ƙarƙashin ƙasa, ba mu tashi da sanin jirgi ba. Rashin sani kuwa a nan yana da tsada: mugun sa asarar mai shi ce kaɗai, ruɓaɓɓen jirgi asarar rayukan jama'a ce.

Ba a cinikin biri a sama, haka ba a cinikin jirgi yana bisa ruwa. A jawo shi tudu, a kife shi. A nemo Basarke tsohon hannu wanda ba ya da alaka da mai sayarwa, domin Sarkawa sun gaji aikin ruwa kaka da kakanni. Ya bi katako ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa: mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓe sai ya yi lum. Inda ya yi shakka ya soka tsinin wuƙa. Ya duba ƙusoshi ko tsatsa ta cinye su, da mahaɗar katakai inda ake cusa tsumma a shafe da kwalta. A yi hattara da sabon fenti, sau da yawa ciwo yake rufewa. Bayan haka a mayar da jirgin ruwa, a ɗora masa buhuna, ya kwana. Ruwan da aka kwarfe da safe shi zai faɗi gaskiya. In da inji, a tashe shi da sanyinsa, a yi tafiya da shi gaba da igiyar ruwa. Sannan a rubuta takardar ciniki gaban shaidu.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, wani mai saye zai riga shi. To, ya riga shi! A watan Mayu na 2021, kusa da Wara cikin jihar Kabi ta Najeriya, wani tsohon jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya rabe biyu tsakiyar kogi, kaɗan suka tsira. Kogin nan dai shi ne ya ratsa Gaya.

Muna kira ga mahukuntan jahar Doso da sarakunan ruwa su tsayar da doka: kada jirgi ya sake hannu sai masana sun duba shi, an rubuta a jikinsa yawan mutanen da zai iya ɗauka.

Ƴan uwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Fasinjan da ya biya kuɗinsa ya shiga, shi bai san abin da aka saya ba, amana ya ba mai jirgi. Allah shi kiyaye.