Ɗan Kwikwiyo, Hunturu da Lafiyar 'Ya'yanmu

Kwanan nan bidiyon Turawa masu fito da kwikwiyonsu ya taka dusar ƙanƙara karon farko ya cika Facebook, mu kuma muna ta dariya: mutane na fama da abin sawa a baki, su kuma suna sa wa kare riga da takalmi. Ni ma na dara, amma ina ganin akwai abin dubawa a ciki.

Abin da suke yi ba shirme ba ne. Mintuna kaɗan suke barinsa a waje, da ya fara karkarwa a mai da shi ciki, a goge masa ƙafafu saboda gishirin da ake barbaɗawa a titi don narkar da ƙanƙara. Dalili kuwa, jaririn kare ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa a makonnin farko, da jikin uwarsa da na 'yan'uwansa yake dogara.

Mu a Dutse ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da hunturu. Duk wanda ya fito sallar Asuba a Takur tsakanin Disamba da Janairu ya san yadda iskar nan mai ƙura take ratsa ƙashi. To a wannan sanyin ne za ka ga yara sun ɗauko kwikwiyo daga gindin uwarsa idonsa bai gama buɗewa ba, sun ɗaura masa igiya suna ja. Bayan kwana biyu maigida ya ce a fitar masa da shi, sai a jefar a bola ko kango. Wasu sanyi ya kashe su. Wanda ya rayu ya zama karen da ba shi da mai shi, ba allura, ba mai lura da shi, yana yawo a layin da 'ya'yanmu suke wasa.

Nan ne maganar ta wuce tausayin dabba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan babu mai tashi. Kwikwiyo ma yana ɗauke da ita, kuma shi ne yara ba sa tsoro.

Na san wani zai ce almajirai na kwana a sanyi ba bargo, kai kana zancen kare. Gaskiya ne, mutum shi ne gaba, kuma wanda yake da rigar sanyin da ba ya sawa ya fitar da ita yau. Amma tsohon buhu da kwali ba su rage wa almajiri komai ba. Wani kuma zai ce najasa. Ba na ce a shigar da shi ɗaki ba. Malamanmu dai sun karantar da mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma an halatta riƙe shi don farauta, kiwo da gadin gona. Mafarautanmu da makiyaya sun daɗe da sanin amfaninsa.

Don haka in kana da kwikwiyo, ka bar shi da uwarsa har ya kai mako 8. Ka yi masa makwanci a lungun da iska ba ta bugawa, ka shimfiɗa buhu ko tsumma don kada ya kwanta a kan siminti. Ban da wankan safe, ban da kunna masa wuta kusa. In ya kai wata 3, a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi. A Vom ta Jihar Filato ma ana haɗa ta. In ba za ka iya ɗaukar nauyinsa ba, tun farko ka hana yara kawo shi.

In kuma kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Ga mahukunta kuma, masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar tana daina yaɗuwa. Bai kamata a jira 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, kafin a tuna da ita ba. A haɗa kai da masu unguwanni da shugabannin mafarauta, su suka san gidan da kare yake.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon tausaya wa na ƙasa da mu.