Hita mai tanki ko mai zafi nan take: mu duba wayar gida kafin mu saya

'Yan uwa mazauna Legas, Ibadan da sauran garuruwan kudu, tun da kuɗin wuta na layin Band A ya haura naira 200 a kan yunit ɗaya a watan Afrilun 2024, kowa ya koma sa ido a kan mitarsa. Masu shago kuma sun samu abin talla: wai a cire hita mai tanki a sa mai dumama ruwa nan take, don ita ba ta cin wuta. A ganinmu maganar tana da gyara.

Gaskiya ne mai tanki tana da ɓarna. In aka bar ta a kunne dare da rana, ruwan yana hucewa tana sake dumama shi, kati yana tafiya ba wanda ya yi wanka. Amma mu yi lissafi. Tanki mai lita 30 yana cin kusan yunit 1.2 kafin ruwan ya yi zafi sosai, cikin ƙasa da awa ɗaya. In aka sirka da ruwan sanyi, zai ba da bokiti huɗu na wanka. Mai zafi nan take, mai ƙarfin kilowat 5.5, tana cin kusan rabin yunit a wankan minti biyar a shawa. Mutum huɗu ke nan sun kusa cinye yunit biyu. Ashe gwauro ko ango da amarya ne take yi wa sauƙi, ba mai iyali ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne waya. Wannan hitar tana jan wuta wajen amfiya 24 a lokaci guda, alhali yawancinmu muna haya ne a tsofaffin gidaje masu siririyar waya. Waya ta yi zafi, soket ya narke, daga nan sai gobara, Allah Ya kiyaye. Ƙaramin janareto ba ya ɗaukarta, kuma in NEPA ta ɗauke wuta da asuba, ba ruwan zafin yara 'yan makaranta. Tanki kuwa yana riƙe zafinsa na wasu awanni.

Shawararmu ita ce mai iyali ya riƙe tankinsa, ya kunna awa ɗaya kafin wanka, ya kashe in ruwa ya yi zafi. Wanda ya nace sai mai zafi nan take, ya nemi izinin mai gida, ya kira ƙwararren mai gyaran wuta ya ja mata waya mai kauri ita kaɗai daga akwatin fis. Kowacce aka zaɓa, a tabbatar an haɗa wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, domin ruwa da lantarki a banɗaki ba abin wasa ba ne.