Wa Ya Auna Ruwan Burtsatsen da Aka Haƙa Mana?

Duk gidan da ke shan ruwan burtsatse mai zartsi a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, ku leƙa cikin butarsu ta lantarki. Za ku ga farin ɓawo ya kama gindinta kamar ƙanzo, sai an sa cokali an kankare. Hitar da ake tsomawa a bokiti ita ma haka take yin fari fat, ta riƙa daɗewa kafin ta ɗumama ruwa, wata rana ta ƙone, mai gida ya sake laluben aljihu. Kan famfo ya toshe, dutsen guga mai tururi ya riƙa tofa wa farar riga datti. Kullum sai a ce ai kayan zamani ne ba su da ƙarko. Ƙarya ne! Ruwan ne yake cinye su.

Abin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda aikinsa ruwa ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ratsa duwatsu, yana narkar da sinadaran kalsiyam da magnesiyam. Da ya ji wuta sai su daskare a jikin ƙarfe, ɓawon ya hana zafi fita, ƙarfen ya yi ta cin lantarki har ya mutu. Mata sun fi kowa sanin wannan masifa. Sabulu ya ƙi kumfa, sai an zuba omo ninki biyu kafin a wanke kayan makarantar yara, su kuma fito toka-toka. Wake ya ƙi nuna, a ƙara kanwa, a ƙara itace, ga itacen ya yi tsada tunda shiga daji ya zama kasada. Wasu su jefa alif suna zaton magani ne, alhali alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya taɓa zartsi. Lemun tsami yana narkar da ɓawon buta, to amma wa zai matsa lemun tsami a cikin bututun tanki?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne akwai ƙa'ida a ƙasar nan. Tun 2007 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar da ma'aunin ruwan sha, NIS 554, wanda ya ce kada waɗannan sinadarai su wuce miligiram 150 a lita ɗaya. Sau nawa kuka ga an nuna wa mutanen unguwa takardar gwaji ranar buɗe burtsatse? Ɗan kwangila ya haƙa, a ɗora tanki da sola, a rubuta sunan mai girma da manyan baƙaƙe, a ɗauki hoto a watsa a Facebook, kowa ya kama gabansa. Kuɗin fentin sunan nan kaɗai ya isa a kai kwalbar ruwa ɗakin gwaji a Katsina ko Zariya. Ba a yi ne saboda an raina mu, an ɗauka talaka in dai ya ga ruwa na zuba to sai godiya.

Ga shi kuma babu wata mafita: madatsar Mairuwa tana cikin ƙasar Faskari, amma Funtuwa take shayarwa, ƙauyuka da yawa kuwa rijiya da burtsatse da 'yan garuwa suka dogara da su.

Na san amsar da za a ba ni: yankin da aka sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, wa ke ta buta? Wannan ne ma ya sa nake magana. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, matar da ta yi gudun hijira ta dawo cikin gari tana wankau don ciyar da marayu, su ne ba za su iya sayen sabulu ninki biyu ba. Zartsi ba ya kashe mutum, amma kullum yana tatsar wanda ba shi da komai.

Kada a sake biyan ɗan kwangila ko kwabo sai ya kawo sakamakon gwajin ruwa, a liƙa shi a jikin tanki da Hausa, kowa ya karanta. Inda ruwan ya wuce ƙa'ida, a sa na'urar tacewa ko a canza wuri. Masu unguwanni da kwamitocin ruwa kuma su daina karɓar makullin burtsatsen da ba a auna ba.