FILIN WASA ƘWAƘWALWA: In sudoku ya cije, a bar kintace

Damina ta wuce, an sa hatsi rumbu. A Dakoro da Kornaka da Birnin Lalle, yanzu ne maza ke samun zama gindin itace, a tona gurabe talatin cikin rairayi, a zuba dara. Wanda ya iya dara ya san ba a dasa kara don an ga gurbi wofi kawai. Sai an duba gaba, an duba baya, an auna abin da abokin wasa za shi yi.

Sudoku ma irin wanga hankali shike so. Ga tuni saboda wanda bai san shi ba. Ana zana fili mai kusurwa huɗu, a raba shi layi 9 kwance da layi 9 tsaye. Gurabe 81 ke nan. Ana kuma raba filin ɗaki 9, kowane ɗaki da gurabe 9, uku bisa uku. Wanda ya shirya wasan shina rubuta lambobi cikin waɗansu gurabe, shi bar saura wofi. Aikin mai wasa shi cika su da lambobi daga 1 zuwa 9. Doka guda ce: lamba ba ta shiga sau biyu cikin layin kwance guda, ko layin tsaye guda, ko ɗaki guda. Babu tarawa, babu ɗebewa.

Jera lambobi cikin gurabe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna gaban malamin allo ya taɓa ganin hatimi mai gurabe tara, wanda kowane layi nashi ke ba da 15 in an tara. Wani malami Bafillace mutumin Katsina, Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina irin waɗanga hatimai. Ya rasu birnin Alƙahira a 1741. Shi kuwa sudoku, wani magini Ba'amurke mai suna Howard Garns ya fito da shi a 1979. Mutanen Japan sunka ɗauka a 1984, sunka raɗa mishi wanga suna. Daga 2004, da jaridar The Times ta Ingila ta fara buga shi, ya bazu duniya.

Ga wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci, wasan ya wuce kashe lokaci. Karatun da ba a taɓawa tsakanin rani da rani gudu shike yi. Ido ya kan ruɗe tsakanin 6 da 9, ko tsakanin 1 da 7. Wanda ya saba da lambobin ajami ruɗinshi ya fi yawa, don shida ta ajami ta yi kama da 7 ta boko, biyar kuwa kamar sifiri take. Wanga ruɗi shi ke sa a ɓata lambar waya wajen aika kuɗi, ko a karanta takardar awon hatsi ba daidai ba. Wanda ya cika sudoku guda ya kalli kowace lamba sau da yawa, har ta zauna mishi ga ido.

Inda wasa ke cijewa

Farkon wasa da sauƙi. A sami gurbin da lamba guda kaɗai ke iya shiga, a rubuta. A sami lambar da gurbi guda kaɗai ya rage mata cikin ɗaki, a rubuta. Amma mai wuya ya kan kai inda waɗanga dubaru biyu sunka ƙare. Kowane gurbi lamba biyu ko uku ke neman shi.

Nan ne mutane da yawa ke cewa bari a gwada 4 a gani. Kintace ke nan, kuma shi ne babbar ɓarna. Sudoku na ƙwarai amsa guda gare shi. Lambar da anka sa bisa kuskure ba ta kuka nan take. Sai an cika gurabe masu yawa bisa kanta sannan a ga 4 biyu cikin layi guda, kuma ba a san inda ɓatan ya faro ba. Dole a share duka.

Maganin shi ne ƙananan alamomi. A bi gurabe na wofi ɗaya bayan ɗaya. Cikin kowane, a rubuta ƙanana-ƙanana duk lambobin da doka ba ta hana ba. Aiki ne mai cin lokaci, kamar cirar ciyawa. Ya fi kyau a kwafe wasan bisa allo da alli, ko a zana shi babba cikin rairayi, don a riƙa sharewa ba tare da an huda takarda ba. Daga nan aiki ya juya. Ba a neman lambar da za a rubuta, ana neman alamar da za a share.

Tagwaye

Ga misali. Cikin layi guda gurabe biyar sunka rage, ga alamominsu:

na farko: 2 ko 7
na biyu: 2 ko 7
na uku: 2 ko 5
na huɗu: 5 ko 8 ko 9
na biyar: 7 ko 8 ko 9

Ba gurbin da ke da lamba guda. Amma a dubi na farko da na biyu. Ba a san wanda za shi ɗauki 2 ba, ba a san mai ɗaukar 7 ba. Abin da anka sani, su biyun sun cinye 2 da 7 tsakaninsu. Kamar tumaki biyu ne da turke biyu: ko wace ta tsaya ga wane, ba sauran turke ga ta uku. Saboda haka a share 2 daga gurbi na uku, a share 7 daga na biyar. Gurbi na uku 5 kaɗai ta rage mishi. A rubuta 5, ba tare da kintace ba.

Wanga layi shina da wata ƙofa ta baya. A nemi 8 cikin alamomin. Ba ta ko'ina sai gurbi na huɗu da na biyar. A nemi 9. Ita ma nan kaɗai take. To, lambobi biyu, gurabe biyu. Su ma tagwaye ne, sai dai sun ɓuya cikin waɗansu alamomi. Dole 8 da 9 su zauna nan, don haka 5 da 7 ba su da wuri cikin waɗanga gurabe, a share su. Amsa ta koma guda: 5 ta tafi gurbi na uku. Ɓoyayyun tagwaye sun fi wuyar gani, don ido ya fi saurin kama gurbi mai alamomi kaɗan. Sai an bi lamba-lamba ana tambaya: wagga, gurabe nawa sunka rage mata cikin layin?

Abin da ya yiwu ga biyu shina yiwuwa ga uku. In gurabe uku na layi guda ko ɗaki guda ba su da komi sai lambobi uku tsakaninsu, sun cinye su. Ba dole kowane gurbi shi ɗauki duka ukun ba.

Akwai kuma wata ƙaramar dubara tsakanin ɗaki da layi. In 4 ba ta da wuri cikin ɗaki sai gurabe biyu, kuma su biyun bisa layi guda suke, to 4 ta wanga layi cikin ɗakin nan take. A share 4 daga sauran layin, inda ya ratsa ɗakuna biyu na kusa.

Rijiya biyu, makiyayi biyu

Wagga dubara ta manyan gwanaye ce, amma makiyayin kwarin Tarka ba za ta yi mishi wuya ba. A ce rijiya biyu ce, ta gabas da ta yamma, kowace garke guda take shayarwa a yini. Makiyaya biyu sunka zo, kowane ba shi da hanya sai ga waɗanga rijiyoyi biyu. In na farko ya kama ta gabas, na biyu ya tafi ta yamma. In ya kama ta yamma, na biyu ya tafi ta gabas. Ko yaya ta kasance, makiyayi na uku ba shi da rabo yau.

Cikin wasa, layin kwance shi ne makiyayi, layin tsaye shi ne rijiya. A ɗauki lamba 6. Cikin layin kwance na 2, ba ta da wuri sai inda ya gamu da layin tsaye na 3 da na 8. Cikin layin kwance na 7 ma haka, sai na 3 da na 8. Gurabe huɗu ke nan, sun tsaya kamar kusurwoyin gona. Layin tsaye ba shi ɗaukar 6 sau biyu. Don haka in ta sama ta zauna na 3, ta ƙasa na 8 za ta zauna, ko kuwa su yi musanya. A share 6 daga duk sauran gurabe na layin tsaye na 3 da na 8. Sau da yawa sharewa guda ta isa wasan da ya cije shi saki.

A kula da sharaɗi. In 6 tana da wuri na uku cikin ɗayan layukan kwance, dubarar ta faɗi, don makiyayin ya sami wata rijiya. Nan ne masu gaggawa ke ɓata wasa.

Waɗansu na auna wuyar sudoku da yawan gurabe na wofi. Ba kullum haka take ba. Gaskiya ne a 2012 wani masanin lissafi na ƙasar Ailan, Gary McGuire, ya nuna da kwamfuta cewa wasan da anka ba lambobi ƙasa da 17 ba shi da amsa guda. Amma akwai mai lambobi kaɗan da ke warwarewa da dubarun farko, akwai mai lambobi da yawa da sai an kai ga rijiya biyu.

Aikin wanga wata

Cikin layi guda gurabe shida sunka rage:

na farko: 1 ko 4
na biyu: 4 ko 6
na uku: 1 ko 6
na huɗu: 3 ko 4
na biyar: 3 ko 8 ko 9
na shida: 6 ko 8 ko 9

Wace lamba ce za ta zauna gurbi na huɗu? Hanya biyu ke kai ga amsa, ta gaba da ta baya. Wanda ya gane su duka biyu shi gwada wa abokan karatunshi bisa allo. Amsa tana fitowa cikin jaridar wata mai zuwa.