Zancen Gona: Wace Tarakta Za Mu Saya?

'Yan'uwa, in mun haɗa kuɗin ƙaramar tarakta, mu sani iri biyu ce. Akwai mai giya da kuloci, akwai wadda famfon mai ke turawa, sai taka feda kawai. Ta biyun tana da daɗin juyawa a ƙananan gonakinmu na Ɗambatta da Bichi. Amma ta fi tsada, famfon yana rage ƙarfin injin, in ƙura ta shiga man kuwa, gyara sai Kano. Huɗa aikin ja ne. Mai giya ta fi jimrewa, bakaniken kasuwarmu kuma ya san cikinta. In tarakta ta kwanta a watan Yuni, damina ba ta jiranmu. Kafin mu biya, mu shawarci mai gyara tukuna.