Kwale-kwalen gidanmu da lambar da muka rubuta masa

1/ Jama'a ku ɗan ba ni aron kunnuwanku. Na zo hutu gida, ƙauyenmu da ke gefen dam ɗin Tomas a ƙasar Dambatta, na tarar su Baba sun jawo kwale-kwalenmu tudu sun kife shi ana gyara. Kwana huɗu muka yi a kansa, kuma sai da muka yi faɗa. Zaren na da tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Duk shekara haka ake yi kafin ruwa ya cika dam. A kankare tsohuwar kwalta, a bi katako ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa. Wanda ya ruɓe ƙararsa daban ce, kamar ka bugi kabewa. Sai a cire shi. Tsagar da ke tsakanin katako a cusa mata tsumma, a narka kwalta a shafe, inda ya fi muni a yi faci da langa-langa.

3/ Daga nan a juyo shi a cika shi da ruwa tun yana tudu, a zagaya ana duban inda yake ɗiga. In ya yi, a tura shi bakin ruwa ya kwana biyu, katakon ya sha ya kumbura, ƙananan kafofi su toshe da kansu. Baba bai taɓa shiga aji ba amma wallahi a nan injiniya ne. Ni aikina hura wutar kwalta da shan hayaƙi.

4/ Da dare na nuna wa ƙanena bidiyon wasu Turawa, miji da mata da 'ya'yansu, suna shirya jirginsu mai tafiya da iska za su yawo tsibiran Karibiyan. Su ma lokaci suke bi: guguwar tekun Atlantika daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba take, sai ta wuce suke fita. Yaro ya ce ai aikinmu ɗaya da su, kuɗi ne kawai bambanci.

5/ Kusan gaskiyarsa. Amma na lura da abu ɗaya. Su sun san mutum nawa za su shiga tun kafin jirgi ya taɓa ruwa, kowa da rigar kariyarsa har jariri. Mu kuwa mun iya gyaran jirgi sarai, adadin mutanen ne muke barin sai a bakin ruwa a yanke shi, lokacin da kowa ke sauri kuma kowa ɗan'uwa ne.

6/ Ra'ayina ke nan: yawancin jiragen da ke kifewa a ƙasar nan ba rashin kwalta ke kifar da su ba. Lodi ne. Kuma a ƙauye abin da ke kawo lodi ba kwaɗayin kuɗi ne kaɗai ba, kamar yadda 'yan birni ke saurin cewa. Kunya ce.

7/ Ka sa kanka a matsayin Baba ranar Lahadi, kasuwar Dambatta na ci. Jirgi ya cika. Sai ga surukinsa da buhun masara. Sai ga liman. Sai ga goggonsa da ta goya shi, ta ce "Ɗan nan, ni za ka bari a rana?" Wa zai ce wa wa ya sauka? A garinmu in ka hana dattijo wuri, shekara za a yi ana maganar rashin tarbiyyarka. In ka ɗauke shi kuka haye lafiya, ba wanda zai tuna cewa ruwa saura kaɗan ya taɓa baki.

8/ Kuma buhun nan kilo 100 ne. Ya fi babban mutum nauyi. Babur ma wajen haka. Amma ba a lissafa su, sai ka ji "ai mu goma ne kawai", alhali akwai buhu uku da akuya da babur a tsakiya.

9/ Ba sai na kai ku nesa ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya taso daga Badau zai haye dam ɗin Watari zuwa Bagwai, nan jiharmu. Yawancin na ciki ɗaliban Islamiyya ne za su wajen Mauludi. Ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasari yara. Abin da hukumomi suka faɗa shi ne lodi ya yi yawa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

10/ Ku duba sauran. Yunin 2023 a Patigi, jihar Kwara, 'yan biki ne ke dawowa da dare, sama da 100 suka rasu. Oktoban 2024 a ƙaramar hukumar Mokwa ta jihar Neja, taron Mauludi ne kuma. Biki, Mauludi, kasuwa. Ranakun da dangi ke tafiya tare, ranakun da ya fi wuya ka ce wa wani "jira sahu na biyu".

11/ Akwai wani abu da ba ma son faɗa. Mu nan manoma ne. Gero, dawa, gyaɗa, gona manne da gona. Ba kamar mutanen Yawuri ko Argungu ba da suka gaji ruwa kaka da kakanni. Dam-dam ɗin Kano daga zamanin Audu Bako aka fara gina su, shekarun 1970. Ruwan ne ya zo ya same mu. Masunta sun iya iyo, amma matan da yaran da suke ɗauka fa? A gidanmu cikin mata ko ɗaya ba ta iya ba.

12/ Na san wani zai zo ya rubuta "ƙaddara ce, in kwana ya ƙare shi ke nan". Na yarda da ƙaddara, ɗan'uwa. Amma Baban da ke faɗin haka shi ne ya kwana huɗu yana toshe tsagar da ko allura da ƙyar za ta shiga. Me ya sa bai bar wa ƙaddara tsagar ba?

13/ Wani kuma zai ce gwamnati ta hana jiragen kawai. Wanda bai taɓa zagaye dam da damina ba ne ke faɗin haka. Tsallaken da bai kai rabin awa ba, a ƙasa sai ka biya kuɗin acaɓa ninki-ninki cikin taɓo, in ma hanyar ta biyu. Mai naƙuda ba za ta jira a yi titi ba. In an hana da rana, da dare za a yi, kuma dare ya fi kisa.

14/ Dokoki ma akwai su. Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa rigar kariya, ta hana wuce ƙima. A takarda komai ya yi. Amma ni tun tasowata ban taɓa ganin wani jami'i a mashigarmu yana ƙirga kai ba. Mai jirgi ne shi kaɗai, da surukinsa a gabansa.

15/ To ga abin da ya jawo faɗan. Na sayo ƙaramin gwangwanin farin fenti na ce mu rubuta 12 a jikin jirgin, ɓaro-ɓaro, gefe biyu, buhu da babur kowanne a ƙirga shi mutum biyu. Sannan mu ja layi a jiki: in ruwa ya taɓa layin, ba tashi.

16/ Baba ya ce "Kai ɗan boko, shekara talatin ina tuƙi, kai za ka koya min adadi?" Na ce "Baba, ba don kai ba ne, ka fi kowa sani. Don su Goggo ne. In an rubuta, ba kai ka hana ba, lamba ce ta hana." Ya yi shiru ya ci gaba da buga ƙusa. Ni ma ban ƙara ba.

17/ Inna ce ta ƙarasa aikin da dare, ban san me ta ce masa ba. Da safe ya ce in rubuta, amma 14. Muka ja, muka ja, muka tsaya a 13. Ban ji daɗi ba, amma bara na ƙirga 21 a ciki da idona, na yi shiru saboda ni ma kunyar ce ta kama ni.

18/ Rigar kariya biyu kacal na iya saya da kuɗin da na rage a makaranta, na yara. Sauran mun ɗaura jarkoki huɗu masu lita 20, babu komai ciki, an ɗaure murfi tam, igiya a jikinsu. Ba madadin riga ba ne, kar wani ya ce ni na ce. Amma jarka irin wannan na iya riƙe kan babba a saman ruwa har a kawo ɗauki.

19/ Abin da nake so yanzu shi ne Sarkin Ruwa da mai gari su sa kowane jirgi a mashigar ya yi lambarsa. In namu ne kaɗai, mutane za su koma na maƙwabci su ce Baba ya fara girman kai, ya rasa ciniki a banza. In kowa ne, ba mai jin haushin kowa. Baffa ya yi alƙawarin kai maganar bayan sallar Juma'a.

20/ 'Yan Bagwai, Ƙunci, Minjibir, duk mai dam a garinsu: in kun je gida ku leƙa mashiga ranar kasuwa ku ƙirga, ku faɗa min nawa kuka samu. Namu jirgin gobe zai koma ruwa. Goggo ta riga ta aiko wai ta ji labarin lambar, a gaya min ita ce ta ɗaya a layi.