Noman kanola: a duba ƙasa tukuna

Jama'a, tun da waken suya ya yi tsada wasu ke ta zancen noma kanola, wai a haɗa abincin kaji da kifi da tunkuzarta. Ni dai na ce a yi hattara.

Shukar sanyi ce fa. Shi ya sa Kanada ke kan gaba a nomanta, Indiya kuwa sai da hunturu suke shukawa. Zafi ya haura digiri 30 lokacin fure, furen zubewa yake. Ba ta son ruwa ya kwanta mata: laka tana ruɓar da saiwarta, jigawa kuma ba ta riƙe danshi.

In kana Jos ko Mambila, fara gwadawa a ɗan fili. Mu sauran, waken suya ya fi mana, furotin ɗinsa ma ya fi yawa.